Komlan, Tarawelen Bakin Teku

Idan ka shigo layinmu a Bankoni, nan cikin Bamako, ka ce kana neman Komlan mai sa tayil, sai a tsaya ana kallonka. Ka ce Tarawele Wake, yanzu a kai ka har ƙofar ɗakinsa. Tarawelen tsoho Seriba ne ya ba shi. Waken kuwa aikina ne, kuma ban yi nadama ba.

Ni ne Burama Jara. Facin taya nake yi a bakin layi, ƙarƙashin dalbejiya, shekara ashirin da wani abu. Aji uku na yi a makaranta malam ya gaya wa babana cewa in dai don surutu ake ba da takarda, to na gama. Duk mai shiga layin nan sai ya bi ta gabana, ni kuwa ba a wuce ni a banza.

Da bazara ya zo, shekara goma sha biyu ke nan. Ya sauko daga koren motar haya da akwatin ƙarfe a ka, ga wani dogon ƙarfen awo mai ɗigon ruwa a ciki ya rungume kamar jariri. Dogo ne, siriri, ya cusa riga cikin wando a wannan zafin. Daga Togo wani ɗan kwangila ya kwaso su aikin bene a tsallaken kogi. Da aka gama kowa ya koma gida, shi ya tsaya, don duk wanda ya ga aikinsa sai ya ce a yi masa irinsa. Ya kama ɗaki a gidan Seriba Tarawele, gida na uku daga rumfata.

Tsohon ya tambaye shi sunan gidansu. Ya ce Agbodeka. Seriba ya gwada sau uku, harshe ya ƙi.

Ya ce, "Wannan suna sai mai haƙora. Tunda a gidana za ka kwana, daga yau kai Tarawele ne."

Komlan ya ce ya gode, ya shige da akwatinsa. A zatonsa hirar tsofaffi ce. Bai san sunan ubansa mutumin ya cire ya yafa masa ba. Bai kuma san layinmu rabinsa Jara ne ba, alhali tun kaka da kakanni Jara da Tarawele abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba.

Washegari da safe ina zaune da Sungalo mai nama muna shan shayi, sai ga shi ya fito da ƙarfensa.

Na ce, "Kai, Tarawele! Bawana! Za ka wuce ubangidanka ba gaisuwa?"

Ya tsaya. Lokacin ko gaisuwar Bambaranci bai iya ba. Sungalo ya taɓa zama a Abijan, shi ya riƙa juya masa da Faransanci.

Na ce, "Tambaye shi, wake ya ci da safen nan ko? Ga shi nan har a tafiyarsa."

Duk Tarawelen da ka jefa wa wannan magana ka san abin da zai biyo baya. Zai rantse bai taɓa ganin wake ba, ya ce ubanka ne ya noma, kakanka ya sace, ku kuka cinye har da kowar. Na gyara zama ina jiran nawa rabon.

Komlan ya saurari Sungalo da kyau, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Eh, na ci. Da gari da manja. Yana so in kawo masa gobe?"

Shayi ya sarƙe Sungalo. Ni kuwa daga kan taya na faɗo. Tunda Allah ya yi Bamako ba a taɓa samun Tarawelen da ya amsa laifinsa da bakinsa ba sai ranar. Ashe su can wake abincin safe ne, ba wanda ke jin kunyarsa.

Kuma wallahi ya kawo. Da safe sai ga kwano a rufe da farin ƙyalle, ya ajiye a kan bencina ya wuce. Na ɗaga murya na ce a zo a ɗauke mini wannan abin kunya. Da layi ya yi shiru na ja shi bayan tayoyi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: har kwanon na suɗe.

Kafin sati labari ya gama unguwa. Mai kanti Jara ne, mai niƙa Jara ne, matan bakin famfo ba a magana. Ya je sayen sukari, a ce ba a sayar wa bayi sai sun durƙusa. Ya je ɗiban ruwa, a ce a matsa, kada cikinsa ya yi magana. Mu duk murna muke yi mun sami sabon ɗan'uwa. Shi kuwa ba ya ramawa. Ya yi ɗan murmushi, ya ce a yi haƙuri, ya wuce. Da tafiya ta yi tafiya murmushin ma ya ɗauke. Daga nan sai muka daina ganinsa gaba ɗaya.

Mutum yana gida na uku da kai, ya fita aiki ya dawo, amma ba ya bi ta gabanka. Abin ya dame ni. Sai daga baya ya nuna mini wani ɗan littafi da yake zana ɗakunan da zai yi wa aiki. A shafin baya ya zana unguwarmu kaf, lungu lungu, duk ƙofar da aka taɓa tsokanarsa ya sa mata alama da jan biro. Rumfata har da'ira biyu ya zagaye ta. Sannan ya zauna ya fitar da hanyoyin da zai bi bai taka ko ɗaya ba: ta bayan injin niƙa, ya hau katakon da aka gitta a kan kwata, ya ratsa ta gidan masu ƙyafe kifi, ya ɓullo bayan makarantar allo, sai titi. Tafiyar minti biyar ta koma rabin awa. Gudunmu ya sa ya san Bankoni fiye da mu da aka binne cibiyarmu a ciki. Har yau idan aka tare layi da rumfar biki, mai tasi ya rasa mafita, wurinsa ake aika shi.

Amma ko a ɓoye mutumin ba ya iya zama. Idan ya shiga gidanka yana gaishe ka idonsa a ƙasa, kai ka ce kunya ce, ashe daɓenka yake dubawa. Sai ka ga ya ciro makulli ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kasa kunne, ya girgiza kai kamar likita. Wurin alwala na masallacinmu ya daɗe yana kayar da tsofaffi. Wata Asabar aka tarar Komlan ya fasa shi ya sake, ya sa tayil mai kaushi, alhali shi coci yake zuwa. Liman ya aika a yi masa godiya. Ɗan aiken Jara ne, sai ya haɗa godiyar da tambayar wake.

Wata rana da yamma na yi masa kwanton ɓauna a bakin katakon nan. Lokacin Bambarancinsa ya fara tsayawa da ƙafarsa, ko da yake yana ɗingishi.

Na ce, "Bawana, gudun me kake yi? Na cije ka ne?"

Ya sauke buhun kayansa. Ya ce, "Burama, me na yi muku?"

"Ba ka yi komai ba. Kai dai Tarawele ne."

Ya ce, "Kusa da garinmu, a bakin teku, akwai wani tsohon gida. Ƙarƙashin daɓensa rami ne, mutum ba ya iya miƙewa a ciki. Nan ake tara mutane kafin jirgi ya zo. Kakata ta ce an shiga da 'yan gidanmu biyu. Mu wannan kalmar ba a faɗa wa mutum ita. Ko a faɗa."

Na ce, "Wasa ne fa."

Ya ce, "Na ji. Ni ban iya ba."

Ya ɗauki buhunsa ya haye katako. Tun ranar na cire masa kalmar bawa, na bi 'yan layi na ce su ma su cire. Har yau ba mai faɗa masa ita, shi ma bai taɓa faɗa wa kowa ita ba. Wake kam ban yafe ba. Mutum ba zai rasa komai da komai ba.

Damina ta faɗi. Sai muka ga Komlan ya canza: yana fito da baki, yana sayen labule, ya shafe ɗakinsa da farar ƙasa. Ashe matarsa Akosiwa ce za ta zo da 'yarsu, bayan shekara biyu ba su ga juna ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ƙofar gidan Seriba kwari ce, da an yi ruwa sai ta zama taɓo har idon sawu. Ya ce matarsa ba za ta fara taka gidan da caɓi ba.

Ranar Lahadi Seriba ya tafi ta'aziyya ƙauye. Komlan ya dawo daga coci, ya tuɓe rigar ado, ya kwaɓa siminti. Kafin la'asar ya cike kwarin, ya tayar da dakali, ya jera masa guntayen tayil kala kala. Abu ya yi kyau kamar ƙofar banki. Kowa ya zo ya yaba. Ni ma na je na zauna a kai na ce ya yi wa Tarawele yawa. Duk cikinmu ba wanda ya tuna da ruwa.

Ruwan layinmu daga kan dutse yake gangarowa. Idan ya iso ƙofar Seriba sai ya faɗa kwarin nan, ya karya hagu, ya bi kwata ya tafi. Iyayenmu ne suka shirya haka tun ana yanka filaye, Seriba ya yarda ƙofarsa ta sha taɓo don gidajen ƙasa su tsira. Ba a rubuta ba, ba a kuma faɗa. Mu mun taso mun gani har mun daina gani. Shi kuwa littafinsa ya san inda kowane Jara yake zaune, bai san inda ruwa yake bi ba.

Ranar Talata da azahar sama ta buɗe. Ruwa ya sauko ja wur, ya daki dakalin Komlan, ya rasa kwarinsa, ya karya dama. A dama kuwa gidan Gwaggo Sitan ne.

Gwaggo Sitan yayar babana ce. Rini take yi tun kafin a haife ni, hannayenta sun rine har wuyan hannu, sabulu ya haƙura da su. Ba a biki ba a suna a layinmu sai ta ce a yi. Mai unguwa da kansa idan ya zo wurinta rage murya yake yi. Ranar tana da ankon wani biki, shadda an rina, an sa ƙaro, an buga, an ninke a kan tabarma a zaure ana jiran masu ita. Ruwa ya shiga ya kwanta a kai da jar laka.

Ihun Gwaggo ya fi tsawar ƙarfi. Komlan ya fito da guduma cikin ruwan, ya farfasa dakalin da hannunsa, bai bar ko guntu ba. Amma mai faruwa ta faru. Ya je ya ce zai biya. Nan ne ma ta hau.

Ta ce, "Ni zai nuna wa aljihu? A gaya wa Seriba, ko baƙonsa ya bar layin nan kafin a sauko daga Juma'a, ko kuwa bikin jikarsa ya nemi matan da za su dafa masa a wata unguwa. Ko cokali ba mai ɗaga masa."

Bikin saura wata guda. Akosiwa kuwa Laraba da asuba ta hau mota da yarinya da kayan ɗakinta, Juma'a ake sa ran saukarta. Mutum ya kira iyalinsa daga wata ƙasa, su iso su tarar da shi a titi da akwatin ƙarfe.

Laraba da yamma Komlan ya yi abin da ake yi a garinsu. Ya sa farar riga, ya nemo dattawa biyu 'yan ƙasarsu daga coci, suka ɗauko akwatin lemo, suka jeru a tsakar gidan Gwaggo. Ya durƙusa gwiwa biyu, hannu a baya. Babban cikinsu ya gyara murya ya shiga jawabi da Faransanci, mai tsawo, har da na farko da na biyu.

Gwaggo ta dube su, ta dube ni. Ta ce, "Burama, kotu aka buɗe a gidana ban sani ba? Wa ya mutu?" Ta juya musu baya ta ci gaba da juya tukunyar rininta. Haka suka kwashi lemonsu.

Alhamis da safe Seriba ya dawo ya je da kansa. Shi ya san hanya. Ya shiga ba sallama, ya zauna a kan turminta, ya saka takalmanta, ya ce ya zo duba ko ruwa ya tafi da rumbun waken gidan. Ta zage shi tas, ta yi dariya har da hawaye. Da ya kawo maganar Komlan sai fuskarta ta koma.

Ta ce, "Kai na yafe maka, dole ce, ba yadda zan yi da kai. Shi kuwa wane ne? Wata shida ina ce masa Tarawele, bai taɓa juyowa ya ce mini ci kanki ba. Yana ganina yana sauya hanya kamar ya ga mai kuturta. Da naka ne da tuni na zagi kakansa an wuce wurin. Baƙo ne, shi ya zaɓa. Baƙon da ya ɓata mini aiki kuwa ba na zama da shi."

Seriba ya zo rumfata ya zauna. Can ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Na ba yaron nan sunan ubana, ya ninke ya sa a akwati."

Bayan la'asar na rufe rumfa na tafi ɗakin Komlan. Ranar na fara shiga. Daɓen kaɗai abin kallo ne, ragowar tayil na gidajen masu kuɗi ya haɗa, ba biyu iri ɗaya, amma ko tsinin allura ba zai shiga tsakani ba. Ga sabon labule, ga 'yar katifa ya saya wa yarinya. Shi kuma yana zaune a ƙasa yana jera kayan aiki a akwati.

Na ce, "Ina zuwa?"

"Wani ɗan coci ya ce mu kwana a shagonsa kafin in samu wuri."

"Matar taka da 'yar a shago? Kai, tashi. Gobe za ka je ka zagi Gwaggo."

Ya dube ni kamar na zare. "Ta isa ta haifi uwata fa."

"Shi ya sa zagin zai yi daɗi."

"Na ɓata mata kaya, sannan in je in zage ta?"

Na ce, "Ka durƙusa, ta karɓa? Ka kai lemo, ta sha? Kai kana ba ta haƙuri irin na wanda zai tafi. Ita so take ta ga wanda zai zauna. Idan Tarawele ya yi wa Jara laifi, ba ta da ikon riƙe shi, ko tana so. Amma sai ka zama Tarawelen tukuna. Oya, ni ce Gwaggo. Faɗa mini."

Na yafa tawul ɗinsa a ka, na zauna a bakin gado na ɓata rai. Ya miƙe, ya haɗa hannu.

"Hajiya, don Allah, ko kin ci wake?"

"Cire don Allah! Roƙonta kake yi ta ci?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, kin ci..."

"Wane haƙuri kuma? Sake hannun nan. Nuna ni da yatsa. Ce, ke tsohuwar Jara, ɓarauniyar wake!"

Ya ɗaga yatsa, yatsan ya lanƙwashe da kansa. Mun fi awa muna abu ɗaya. Mutumin da ke yanka tayil da injin da ke tsorata karnuka, ga shi gumi na zuba don kalma biyar. Daga ƙarshe ya zauna ya ce, "Idan uwata ta ji, ba za ta sake cin abin hannuna ba. Bar ni, Burama."

Na fito ban san me zai yi ba. Shayin yamma ma ranar bai yi mini daɗi ba.

Juma'a da hantsi ina cire ƙusa daga taya, sai ga Komlan. Ta gabana ya biyo, tsakiyar layi, da kayan aikinsa masu siminti. Bai dube ni ba. Na yar da tayar na bi shi, Sungalo ya bar nama ga ƙuda, matan famfo suka bar bokitai. Kafin ya kai ƙofar Gwaggo mun fi ashirin a bayansa.

Tana tsaye kan tukunya da sandar juya rini. Ya shiga ya tsaya. Duk abin da na koya masa ya gudu. Sai idonsa ya sauka ƙasa, yadda ya saba. Na ce shi ke nan, durƙusawa zai sake yi.

Ashe daɓen yake kallo. Ya ciro makulli, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa simintin tsakar gidan. Ya matsa ya sake ƙwanƙwasawa. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin? Jara ne ko?"

Gwaggo ta tsaya da juyi.

"Na sani. Ƙofa a ƙasa, ɗaki a rami. Ku da kwaɗi wa ya koya wa wani gini?" Bambarancin na tuntuɓe, amma ya ci gaba. "Shekara talatin ruwa yana wucewa ta layin nan yana neman gidan Jara ya wanke, ba wanda ya nuna masa. Ni na nuna masa. Kwana uku ina jira, ban ga an zo godiya ba."

Ya ja kujerarta, wadda ko 'ya'yanta ba sa zama a kai, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Tsohuwa, a kawo wa babba ruwa. Kada a sa a kwanon wake."

Gwaggo ta zaro sandar daga tukunya, shuɗi na ɗiga. Ta tako har gabansa. Ni dai na fara duba ƙofa.

Ta ce, "Kai. Ɗan wake, jikan wake. Kai da aka yaye ka da romon wake. Yau bakinka ya buɗe? Wata shida ina jiranka, munafuki, sai da ka jiƙa mini kaya?"

Daga nan ta ɗauko kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, har bakwai, ba wanda ta bari da mutunci. Tana yi tana dukan ƙafar kujera da sanda, dariya na ƙwace mata. Mata suka ɗau guɗa. Seriba da ya iso a makare ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Rama, ɗana, rama! Kada ka bar ta!"

Ta yanke masa hukunci nan take: shi zai ɗebo ruwan da za a sake wanke shaddar, kuma tunda ya raina daɓenta, ya zo ya gyara, ta ga iyawar Tarawele. Ya ce zai yi, don tausayi.

Ana cikin haka aka ji kaya sun faɗi a ƙofa. Motar Akosiwa ta riga lokaci, matar ta jira a tasha ba ta ga kowa ba, ta ɗauki tasi da kwatancen da ya ba ta, aka nuno mata inda taro yake. Ba ta jin ko kalma ɗaya. Abin da idonta ya gani shi ne mijinta, wanda ta sani da ladabi tun suna yara, zaune a kujera ya harɗe, yana nuna tsohuwa da yatsa, tsohuwar na tsaye da sanda.

Ta saki hannun yarinya, ta ruga ta zube gaban Gwaggo tana magiya da yarensu, hannu ɗaya kuma ta kama kunnen Komlan tana ja ya sauko ƙasa. Shi yana "tsaya in gaya miki", ita tana ƙara murɗawa.

Gwaggo ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Matarsa ce."

Ta dubi yadda aka riƙe kunnen, ta gyaɗa kai. Ta ɗaga Akosiwa da hannayenta masu shuɗi, ta ce, "A gaya mata ta tashi. Wannan ba Tarawele ba ce, dubi hankali. Daga yau Jara ce, 'yata ce. Ta riƙe mana shi da kyau."

A ɗakin nan suka kwana, a nan suke har yau, sai dai sun ƙara da na kusa da shi don yara sun zama uku. Shaddar da laka ta kama Gwaggo ta mayar da ita tukunya ta fito da duhu, masu biki suka ce ai wannan kalar ta fi. Bikin jikar Seriba, Akosiwa ce ta kwana biyu a bakin murhu tare da matan layi. Abin da ya ɗauki mijinta wata shida ita a sati ta haddace, kuma a kansa take gwadawa.

Ni ne dai na jawo wa kaina. Mutumin da na koya wa magana da tawul a ka, yanzu ba na shan shayi lafiya. Shekaranjiya ina tsaka da ciniki da wani mai babbar mota, ya zo wucewa ya tsaya, ya dubi tayar, ya dubi mutumin.

Ya ce, "Alhaji, Jara za ka ba wa faci? To ka tafi a hankali. Iskar da zai sa maka ba ta famfo ba ce, ta wake ce."